Na'urorin Gida Masu Kunna Kansu da Kashe Kansu: Yadda Ake Gano Dalili

Unguwar Nassarawa GRA tana gabas da ganuwar birnin Kano, a yankin da Turawan mulki suka kafa mazauninsu bayan sun ci birnin a shekarar 1903. Har yanzu yawancin gidajenta manya ne, masu faɗin fili da doguwar katanga, da ɗakin mai gadi a bakin ƙofa, da sashen ma'aikata can baya. Kula da irin wannan gida aiki ne babba: a zagaya a kunna fitilun waje da magariba, a kashe su da asuba, a tuna lokacin ɗaga ruwa zuwa tanki. Wannan ne ya sa magidanta da dama suka rungumi wasu ƙananan na'urori da ake haɗa wa fitila ko fanka ko injin ruwa ko ƙofar shiga, a riƙa sarrafa su ta wayar salula ko da mutum yana Abuja ko Makka. Su ne ake kira na'urorin gida masu basira. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa ƙirar ƙasar Sin ne, irin su Sonoff da waɗanda ke aiki da manhajar kamfanin Tuya.

Sai dai kuma ba a daɗe ana morarsu sai ƙorafi ya biyo baya. Fitilar ɗakin kwana ta kunna kanta da ƙarfe uku na dare. Injin ruwa ya tashi ba wanda ya taɓa shi, tanki ya cika ya yi ta ambaliya har gari ya waye. Firji ya mutu da tsakar rana, nama ya lalace. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan yara ko mai gadi ko 'yar aiki, wani lokaci ma har a shiga zancen mutanen ɓoye. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Na'urar sanyaya ɗaki mai cin wat 1,200, in ta yi awa 8 tana aiki ba tsayawa a ɗakin da babu kowa, ta cinye yunit 9.6 ke nan. A farashin Naira 225 kowane yunit, wanda aka sanya wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, kuɗin ya kai Naira 2,160 a dare ɗaya. Wannan ma da sauƙi a kan injin rijiyar burtsatse da zai yi ta juyi babu ruwa har ya ƙone, ko ƙofar gida da za ta buɗe tsakar dare.

Abin da ke cikin na'urar

Kafin a gane cuta sai an san jiki. In aka buɗe ɗaya daga cikin waɗannan makunnai za a tarar da sassa huɗu. Akwai sashen da ke karɓar wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ya rage ta zuwa bolt 5 da bolt 3.3. Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda ba ta kai farcen yatsa girma ba, kamar ESP8266 da kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2014. Akwai rediyon da take magana da duniya ta cikinsa. Sannan akwai rile, watau makunni mai aiki da maganaɗisu: idan wuta ta bi ta cikin nannaɗaɗɗiyar waya sai ta zama maganaɗisu, ta jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa layi. Shi ne ke yin ƙarar "ƙas" da ake ji lokacin da fitila ta kama. Ɗaliban kimiyyar fizik za su gane shi nan take, domin ka'idarsa ɗaya da ta ƙararrawar lantarki da ke cikin littattafansu.

Rile ba ya motsawa haka kawai. Ko dai ƙwaƙwalwar ta umarce shi, ko kuwa wutar da ke riƙe da shi ta yanke ya saki. Saboda haka duk wani bincike yana komawa ga tambayoyi biyu. Shin wani ne ya ba da umarni, mutum ko agogo ko na'urar gano motsi? Ko kuwa ƙwaƙwalwar ce ta mutu ta sake farfaɗowa? A Kano, amsar tambaya ta biyu aka fi cin karo da ita, don haka da ita ya kamata a fara.

Wutar lantarki

An ƙera waɗannan na'urori ne da tunanin ƙasashen da akan yi watanni ba a ɗauke wuta ba. Gida a Nassarawa kuwa yana iya shan wuta daga wurare uku a yini guda: layin kamfanin KEDCO, wanda ya gaji rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun watan Nuwamba na 2013, da janareta, da kuma inbata mai batir da faifan hasken rana. Duk lokacin da aka tashi daga wannan zuwa wancan akan sami ɗan giɓi. Inbata mai kyau tana sauyawa cikin kashi 10 zuwa 20 na dubu na daƙiƙa, watau bai wuce tsawon zagaye ɗaya na wutar ƙasar nan ba, wadda ke yin zagaye 50 a daƙiƙa. Irin wannan giɓi na'urar tana iya jure shi, domin akwai kafasita a cikinta mai ajiye ɗan guzurin wuta. Amma makunnin sauya layi da masu gyara ke kira cenjoba, na hannu ne ko mai sarrafa kansa, giɓinsa ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Guzurin kafasita sai ya ƙare, ƙwaƙwalwar ta mutu, ta tashi sabuwa. Mutanen gida ƙiftawar fitila kawai suka gani, amma a wurin na'urar an yi mutuwa an yi tashi.

To, da ta farfaɗo me za ta yi? A nan ne asirin yawancin fitilun tsakar dare yake. Kowace na'ura tana da wani tsari da ke gaya mata halin da za ta shiga idan wuta ta dawo, kuma yawanci zaɓi uku ne: ta kunna, ko ta zauna a kashe, ko ta koma yadda take kafin a ɗauke. Ƙwan fitila mai basira kusan kullum yakan zo daga masana'anta a kan zaɓin farko. Dalilin masu ƙera shi ba wauta ba ne: suna son idan mutum ya danna makunnin bango fitilar ta kama, kamar kowace fitila. Amma ƙwan ba shi da hanyar bambancewa tsakanin hannun maigida da dawowar wutar KEDCO. Fitilun Philips Hue, waɗanda suka fito a 2012, sun yi shekara shida a haka, sai a 2018 kamfanin ya ƙara musu damar zaɓi. Ke nan mai gidan da ya kashe fitilarsa ta waya da ƙarfe goma, aka ɗauke wuta da ƙarfe biyu, aka kawo da ƙarfe uku, zai farka cikin haske ba don wani ya shiga ɗakinsa ba.

Maganin wannan bai kai minti biyu ba, amma yana bukatar tunani, domin ba zaɓi ɗaya ne ya dace da komai ba. Fitilar ɗakin kwana ta dace da komawa yadda take. Firji ya kamata ya kunna, in ba haka ba zai zauna a mace har sai wani ya lura. Sai dai injinsa yana son hutun minti uku zuwa biyar kafin ya sake tashi, don haka a haɗa shi da na'urar jinkiri. Injin ruwa, da tukunyar dafa ruwan wanka, da dutsen guga, da duk wani abu mai zafi, waɗannan a bar su a kashe. Babu hikima ko kaɗan a bar abin da zai iya tayar da gobara ya yanke wa kansa shawarar kunnawa.

Bayan ɗaukewa akwai raunin wuta. Yawancin na'urorin an rubuta a jikinsu cewa suna aiki daga bolt 100 zuwa 240, don haka raunin yau da kullum ba ya kashe su. Abin da ke kashe su shi ne faɗuwar ƙarfin wuta farat ɗaya. Injin da ke juyawa da lantarki, kamar na famfo ko na sanyaya ɗaki, a lokacin tashinsa yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita. Idan gidan yana kan ƙaramin janareta, ko wayar da aka ja zuwa sashen baya siririya ce kuma doguwa, ƙarfin wutar yakan nutse na ɗan lokaci, na'urar da ke kan layin ta suma. Alamarsa a fili take: matsalar tana zuwa daidai lokacin da wani babban inji ya tashi. Haka kuma inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita da santsin zagaye irin na layin gwamnati, takan sa wasu na'urorin su yi zafi su riƙa rikicewa. Duk wanda ya ga na'urorinsa lafiya lau suke a kan KEDCO amma suna hauka a kan inbata ko janareta, to ya san inda zai duba. A watan Oktoba na 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta jefa Kano da sauran jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, gidajen da ke da hali sun rayu ne a kan sauye-sauye tsakanin janareta da batir, kuma irin wannan yanayi ne ke tona asirin kowane tsari da ba a daidaita ba.

Akwai wata matsala da ba a wasa da ita. Manyan gidaje sukan karɓi layi uku daga taransifoma, da waya ta huɗu da ake kira nutural. Tsakanin kowane layi da nutural akwai bolt 230, amma tsakanin layi da layi akwai kimanin bolt 400. Idan nutural ta kwance ko ta tsinke, rabon ƙarfin yakan karkace: wani sashen gida ya sami ƙasa da kima, wani ya sami fiye da kima. Sai a ga fitilun falo sun dushe, na ɗakin girki suna haske kamar za su fashe, na'urori suna kunnawa suna mutuwa. Wannan ba aikin manhaja ba ne. A kashe babban makunnin gida a kira ƙwararren mai gyaran wuta.

Dangane da nutural ɗin kuma, tsarin jan waya a Nijeriya ya bi na Ingila, inda sau da yawa ba a kai nutural cikin akwatin makunnin bango. Don haka ake sayar da makunnai masu basira marasa bukatarta. Dabararsu ita ce su riƙa satar 'yar wuta kaɗan ta cikin ƙwan fitilar ko da a kashe yake, domin ƙwaƙwalwarsu ta rayu. Tsohon ƙwai mai zare ba ya jin wannan 'yar wuta. Amma ƙwan zamani mai cin wat 5 ko 7 yakan tara ta har ya yi walƙiya, ko ya riƙa haske dishi-dishi cikin duhu. Ƙaramar kafasitar da ke zuwa cikin kwalin makunnin don wannan aka yi ta, ana haɗa ta a wurin ƙwan. Masu haɗawa da yawa jefar da ita suke yi.

Sai nauyi. Makunnin da aka rubuta wa amfiya 10 iyakarsa wat 2,300 a kan bolt 230. Tukunyar ruwan zafi mai wat 3,000 tana jan amfiya 13. Na'ura mai kariya za ta kashe kanta in ta ji nauyi ko zafi ya yi yawa, mai ita ya ɗauka lalacewa ta yi alhali ceton gidansa ta yi. Marar kariya kuwa bakin rilenta yakan narke ya manne, manhaja tana nuna a kashe take amma wuta na wucewa. Babban inji ba a ɗora shi kai tsaye a kan ƙaramin makunni. Sai a sa makunnin ya sarrafa babban rile da ake kira kwantakta, shi kuma ya ɗauki nauyin.

Agogon da ba na Kano ba

Idan abin yana faruwa a lokaci ɗaya kullum, to da wuya a ce wuta ce, domin ɗaukewar wuta ba ta san alkawari ba. Jadawali ne. Wataƙila wani ya tsara shi watanni da suka wuce ya manta, ko kuwa mai haɗawa ya yi gwaji bai share ba. Wani lokaci na'ura ɗaya tana ƙarƙashin manhaja biyu, tata ta asali da ta Google ko Amazon, kowace da nata jadawalin, wannan ta kunna waccan ta kashe.

Abin da ya fi ban sha'awa ga ɗalibin labarin ƙasa shi ne kuskuren shiyyar lokaci. Nijeriya tana gaban lokacin Girinwic da awa ɗaya, ƙasar Sin kuwa da awa 8. Bambancin awa 7 ke nan. Na'urar da ta zauna a kan agogon Sin, in aka ce ta kunna fitila da ƙarfe 7 na yamma, za ta kunna da ƙarfe 12 na rana a Kano. In aka ce ta kashe da ƙarfe 6 na safe, za ta kashe da ƙarfe 11 na dare, daidai lokacin da ake bukatar hasken tsaro. Na Landan ya fi wannan ruɗarwa. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Ingila tana matsar da agogonta gaba da awa ɗaya, sai ya zo daidai da na Nijeriya. Ɗan gidan da ke karatu a can, in ya zo hutu a watan Agusta ya tsara na'urorin da asusun da ke kan lokacin Landan, komai zai tafi daidai har ƙarshen Oktoba. Daga nan sai fitilu su fara makara da awa guda, ba wanda ya taɓa komai.

Haka nan jadawalin da aka ɗaure da faɗuwar rana ya dogara ne da wurin da aka gaya wa manhaja gidan yake. Kano tana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma faɗuwar ranarta tana motsawa da kusan awa ɗaya tsakanin Nuwamba da Yuli, abin da duk mai kula da lokacin sallar magariba ya sani. Wannan motsi ba lahani ba ne. Lahani shi ne a bar manhaja tana lissafi da ranar wani gari.

Yawancin ƙananan na'urorin nan ba su da batirin agogo. Daga intanet suke tambayar lokaci duk sa'ad da suka tashi. Da wuta ta dawo, na'urar takan farfaɗo cikin daƙiƙoƙi, amma rauta, watau akwatin da ke rarraba Wi-Fi a gida, yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu, in ma akwai data a kansa. A wannan tsakani na'urar ba ta san ƙarfe nawa ba ne, kuma umarnin da lokacinsa ya faɗo a ciki yana iya wucewa ba a aiwatar ba. Injin ruwan da ya kamata ya tsaya da ƙarfe 7 sai ya zarce. Shi ya sa ɗora rauta a kan batir ya fi sayen sababbin na'urori amfani, kuma shi ya sa tanki yake bukatar makunni mai iyo a kan ruwa, wanda ba ruwansa da intanet.

Zafi, ƙura da ƙwari

Fitilar tsaro mai gano motsi ba ta ganin mutum kamar yadda ido ke gani. Zafinsa take ji. Kowane jiki mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke gaba da ja a jerin launuka. Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a shekarar 1800. Ka'idar Wien ta ce in aka raba 2,898 da zafin jiki a ma'aunin Kelbin za a sami tsawon zangon da hasken ya fi ƙarfi, a ma'aunin maikiromita. Fatar ɗan Adam tana kusa da digiri 34 na Salshiyas, watau Kelbin 307, sai lissafi ya ba da 9.4. An ƙera na'urar ta ji haske mai zango kusa da wannan. Farar robar da ke gabanta mai gida-gida tana raba filin da take kallo zuwa yankuna, kuma abin da take lura da shi shi ne canji: wani abu da zafinsa ya bambanta da na kewaye ya tsallaka daga yanki zuwa yanki.

Da an fahimci wannan, sauran bayani ya zo da kansa. Kyanwa ko karen gadi za su tayar da ita. Iska mai zafi da ke fitowa daga bayan na'urar sanyaya ɗaki ko salansar janareta za ta tayar da ita. Reshen darbejiya da rana ta gasa, in iska ta kaɗa shi a gaban katanga mai sanyi, zai tayar da ita, kuma Nassarawa unguwa ce mai itatuwa. Tsaka ko gizo-gizo da ya bi ta kan robar, saboda kusancinsa, yana iya zama mata kamar ƙato. Da farkon damina, lokacin da shinge ke yi wa fitila rubdugu, sai ta yi ta kunnawa har asuba. A watan Afrilu kuwa, sa'ad da zafin Kano ke haura digiri 40 kuma katanga ta kwana da ɗumi, akasin haka ake gani: zafin mutum da na bango sun yi kusa, na'urar ta rage ji, mutum ya wuce ba ta kula ba.

Fitila mai gano duhu tana da nata abin dariya. Idan idonta yana kallon farin bango, da ta kunna sai haskenta ya dawo mata, ta ɗauka gari ya waye ta kashe, duhu ya dawo ta sake kunnawa, haka har safe. Juya idon kawai ake yi. Makunnin bango na gilashi, wanda ake shafawa da yatsa, shi kuma yana auna ɗan canjin cajin lantarki ne a fuskarsa. Laimar watan Agusta, ko ruwan da ya tsattsafo ta bango, ko tururuwa da ƙananan kyankyasai da suka shige bayansa don ɗumi, duk suna iya zama masa yatsa. Da hunturu ma, busasshiyar iska tana sa caji ya taru a jikin mutum da tufafi, tartsatsinsa ya rikita shi.

Saƙon da ya ɓata hanya

Matsalar maƙwabci ta girmi intanet. A 1975 wani kamfani a Sikotilan mai suna Pico Electronics ya ƙirƙiro tsarin X10, wanda ke aika umarni ta cikin wayoyin wutar gida. Lambobin gida 16 kacal yake da su, daga A zuwa P, don haka gidaje biyu da ke kan taransifoma ɗaya suna iya kunna wa juna fitila. Jikokinsa a yau su ne rimot masu araha na ƙofa da fitila, masu aiki a kan zangon megahaz 433 da lamba ɗaya da ba ta canzawa. Idan mai karɓar saƙon ya koyi rimot ɗin maƙwabci bisa kuskure a lokacin da ake saita shi, to ƙofar tana da iyayengiji biyu. A share duk abin da ya koya a sake koya masa. Ga ƙofar shiga kuwa a nemi mai lambar da ke canzawa a kowace dannawa.

Wi-Fi na waɗannan na'urori yana aiki a kan gigahaz 2.4, kusa da 2.45 na tandun maikirowef, kuma bangon bulo da ƙofar ƙarfe suna raunana shi ƙwarai. Na'urar da ke ɗakin mai gadi, mita 40 daga rauta, tana iya yini tana haɗuwa tana yankewa. Yankewar ita kaɗai ba ta cika motsa rile ba. Abin da take yi shi ne ɓatar da umarni ko jinkirta shi, wasu na'urorin kuma sukan sake tayar da kansu in sun daɗe ba su sami layi ba. A tuna kuma cewa umarnin da aka danna a falo yakan je wata babbar kwamfuta a wata nahiya kafin ya dawo ga fitilar da ke saman kai. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta yi rauni a Nijeriya. Ranar 20 ga Oktoba 2025 kuma matsala a cibiyar kwamfutocin Amazon a Amurka ta hana masu na'urori iri-iri sarrafa su, har da wasu gadajen kwana masu ɗumama kansu. Tsarin Matter da aka fitar a 2022, da tsofaffi irin su Zigbee, suna ba da damar umarni ya tsaya cikin gida, kuma mai sayen sabuwar na'ura a Kano ya kyautu ya tambayi ko tana aiki babu intanet.

Hannun mutane

Na ƙarshe su ne mutane, amma ba lallai waɗanda ake zargi ba. A gida mai iyali da yawa asusu ɗaya yana iya kasancewa a wayoyi goma: ta maigida, ta uwargida, ta ɗan da ke Kaduna, ta yaron da ke wasa da wayar mahaifiyarsa, da ta mai haɗawa wanda har yanzu ba a cire shi ba. Akwai tsarin da ke kashe komai idan wayar maigida ta bar unguwa. In wayar ta yi kuskuren gane inda take, kamar yadda takan yi da ɗaruruwan mita idan ta dogara da turakun sadarwa, sai ta kashe gida alhali yana kwance a ciki. Lasifika masu karɓar umarnin baki sukan ji talabijin su amsa: a watan Afrilu na 2017 kamfanin Burger King ya yi wata talla a Amurka da gangan don ta tayar da na'urorin Google Home a gidajen masu kallo. Kutse ma yana yiwuwa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubun dubatar kyamarori da rauta ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Amma kutse ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga, ko da yake canza kalmar sirri da cire baƙin wayoyi ba su da tsada.

Tsarin bincike

Kuskuren da aka fi yi shi ne a canza abu biyar a lokaci ɗaya. In matsalar ta tafi ba a san abin da ya kore ta ba, in ta dawo an koma farko. Mai bincike na gari littafi yake buɗewa. Duk sa'ad da abin ya faru ya rubuta rana da lokaci, da irin wutar da gidan ke kai, da injin da ya tashi a lokacin, da yanayin gari. Sannan ya buɗe tarihin na'urar a manhaja. In ya ga sunan mutum ko na jadawali, magana ta ƙare. In ya ga na'urar ta ɓace daga layi ta dawo a daidai lokacin, wuta ce ko Wi-Fi. In na'urori da yawa suka yi tare, dalilin na gida ne gaba ɗaya. In ɗaya ce tak, a musanya mata wuri da wata irinta. Matsalar ta bi na'urar, na'urar ce. Ta zauna a wurin, to wayar wurin ce ko yanayinsa. Mayar da na'ura yadda ta fito daga masana'anta shi ne mataki na ƙarshe, domin yana share shaidar da ake nema. Duk abin da ya kai ga buɗe akwatin bango kuwa aikin mai gyara ne, ba na ɗalibi ba. Ƙaurin roba ko baƙin tabo a jikin soket dalili ne na kashe layin nan take.

Malamai za su iya nuna wa aji biyu daga cikin waɗannan ka'idoji ba tare da taɓa wutar gida ba. A ɗauki rimot ɗin talabijin a danna shi a gaban kyamarar waya: ɗan ƙwan da ke bakinsa zai bayyana yana walƙiya a fuskar wayar alhali ido ba ya ganin komai, in kyamarar baya ba ta nuna ba, a gwada ta gaba. Sannan a samo fitila mai gano motsi mai aiki da batir, a sa ɗalibi ya wuce ta gabanta, a auna nisan da take kamawa. A maimaita da farantin gilashin taga a gaban idonta. Gilashi yana barin hasken da ido ke gani ya wuce, amma yana tare mai zangon maikiromita 9.4, don haka ɗalibin zai wuce fitilar ba ta kama ba. A sake gwajin farko da sanyin safiya da kuma tsakar rana a gaban bangon da rana ta daka, ɗalibai su rubuta nisan da suka samu a kowane lokaci su kwatanta.